Gefen Hagu na Ajina

Azare, Satumba 1989

Talata, bayan la'asar

Ban ci abinci ba. Matata Jumai ta kawo tuwo ta mayar, ta sake kawowa, na ce ta ƙyale ni. Ba da ita nake fushi ba, ita ce dai a kusa.

Tun kwalejin nan tana aron ajujuwa nake koyar da Labarin Ƙasa a cikinta, ba a taɓa tsinka ni a gaban mutane irin na yau ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na kai kaina. Mista Cornelius, malamin sashen Ilimi, mutumin Jos, ya je kwas Zariya ya dawo da kyamarar bidiyo da baki cike da sababbin dabaru. Shugaban kwaleji ya naɗa shi kan kwamitin gyara koyarwa. Wai za a riƙa ɗaukar kowane malami yana darasi, sannan mu taru a ɗakin malamai mu kalla a talabijin, mu gyara wa juna. Da aka nemi wanda zai fara, kowa ya sunkuyar da kai. Ni uban iyawa na ɗaga hannu. Na ce ai ni ba na tsayawa ina karanta wa yara tsohuwar takarda suna kwafa, ni tambaya nake yi, ni taswira nake zanawa da hannuna, bari su ga yadda ake yi.

To, sun gani.

Laraba, kafin azahar

Ga yadda aka yi jiya: an tayar da janareta, an rufe tagogi, malamai sun cika ɗakin har da waɗanda ba sa zuwa taro. Aka fara da na Malam Babayo na sashen Tarihi, abokina tun muna makarantar horon malamai. Sa'a guda yana karanto rubutu daga takardar da ta yi ja don tsufa, yara na kwafa, ɗaya a baya yana barci da baki buɗe. Muka yi dariya, shi ma ya yi. Sai aka sa nawa.

Da farko daɗi na ji. Ga ni ina kai da komo, ina jefa tambaya, ina kiran sunaye. Can sai Cornelius ya danna wani abu hoton ya tsaya cik. Ya je ya ɗora yatsa a kan gilashin talabijin, a gefen hagu, wajen taga.

Ya ce, "Ku duba nan. Tun da aka fara, Malam bai juya wuyansa wannan gefen ba. Duk tambayoyinsa dama suke tafiya. Ga wata yarinya nan, ku ga hannunta."

Ya saki hoton, ya tsayar, ya sake saki. Hannun yana tashi yana sauka. Yana tashi, yana daɗewa a sama, yana sauka a hankali. Ban taɓa ganin wannan ba, don ban taɓa dubawa ba.

Sai ya juyo yana murmushi ya ce, "Malam Hammadu, yaya sunanta?"

Babayo ya zuba wa takalminsa ido. Shugaba ya yi gyaran murya. Duk wanda yake ɗan ƙasar nan a ɗakin ya san ko wace ce, Cornelius kaɗai ne bai sani ba, don da sunan garinmu aka rubuta ta, ba da nawa ba. Da ya ji shiru sai ya ɗauka ya kama ni. Ya ce, "Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Ko gwanin cikinmu yana iya shafe zango guda bai san sunan ɗalibarsa ba."

Wai ban san sunanta ba. Ni da na je kasuwar Gamawa na zaɓo ragon sunan.

'Yata ce ta fari. Tun da aka yaye ta Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta, a Katagum ta tashi a ɗakinta, kamar yadda ni ma na tashi a ɗakin kakata. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ba, ban taɓa ɗaga ido na dube ta a gaban mutane ba. Ubana bai kira nawa ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa shakkar yana ƙaunata ba. Wannan kunya ce, tarbiyya ce, ba rashin iya aiki ba. Na tashi na fita.

Alhamis, da hantsi

Ban je aji ba. Na aika a ce zazzaɓi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Babayo ya biyo ni gida. Ya zauna a zaure ya cinye gyaɗar da aka kawo mini, sannan ya ce wai bayan fitata aka ja Cornelius gefe aka gaya masa, mutumin ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Na ce ya daɗe bai zauna ba. Shekara nawa yana cin gero a garin nan, Hausa a bakinsa kamar a Azare aka haife shi, amma bai san abin da yaron goye ya sani ba?

Babayo ya ce, "Ai ba a goshinta aka rubuta ba, Malam."

Na ce ko ba a rubuta ba, wa ya ce a tsayar da babban mutum a gaban tsararsa a yi masa tambaya kamar ɗan firamare? Wannan ne gyaran? A Zariyar haka aka koya musu?

Ya bar ni na gama. Sai ya ce akwai abin da ya kamata in sani, tunda kowa ya sani. Wai yaran ajina sun daɗe da gane ni. Masu son karatu ba sa yarda su zauna kusa da ita, don sun san duk inda take idona ba ya zuwa. Malalata kuwa rige-rige suke yi su kama benci a gefenta. Wanda bai yi aikin gida ba, wanda ya kwana kallon fim, can yake fakewa. Har suna suka sa wa wajen, wai Inuwa.

Yana faɗa yana danne dariya. Na ce ya tashi ya tafi gidansa, ya je ya nemi sabuwar takardar da zai karanta wa yara, waccan ta kusa zama gari.

Asabar, da safe

Inuwa. 'Yan banza.

Litinin, bayan azahar

Na shiga aji. Na yi niyyar in nuna wa kaina cewa ƙarya kyamara take yi. Na tsaya a tsakiya daidai, na ce yau ko'ina zan duba.

Wuyana ya ƙi. Wallahi kamar an ɗaure shi da igiya. Da gefen ido na ga abin da Babayo ya faɗa: ga Ɗanboyi, ƙaton da bai taɓa kawo aiki a kan lokaci ba, ya baje a bencin bayanta yana fiƙe fensir, ga wasu irinsa sun kewaye ta. Ita tana tsakiya, kanta a ƙasa. Na yi tambaya, na ce, "Na gefen taga, waninku ya amsa." Suka yi tsuru-tsuru suna duban juna kamar an yi baƙo. Ba wanda ya motsa. Ita ma ba ta ɗaga hannu ba. Har aka tashi ba ta ɗaga ba.

Na raba musu takardun gwajin da aka yi. Gefen taga kusan duk sun faɗi. Ita ma ta faɗi. Abin da ta ci na ba ta, ban ƙara ba ban rage ba, kuma Ɗanboyi na miƙa wa ya miƙa mata. Darasin nan dole ne a sashenmu, wanda ya faɗi a ƙarshen zango ba ya wucewa.

Ni na dage aka kawo ta kwalejin nan. Inna ba ta so, na yi ta aike, na yi ta sa baki ta hannun kawunnai har ta haƙura. Na ce malama za ta zama. Ban yi lissafin cewa Labarin Ƙasa za ta zaɓa ba, kuma ban san dalilin da ya sa ta zaɓa ba. Wa zan tambaya?

Talata, da yamma

Cornelius ya zo ofishina. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa ta saƙi da yake sawa don a ce ɗan gari ne.

"Malam, na yi kuskure babba. Ban sani ba. Ka yafe mini."

Na ce komai ya wuce. Ban ce ya zauna ba. Da ya tafi a nan, da mun rabu lafiya. Sai ya ja kujera da kansa.

"Amma, Malam."

Na san za a yi amma. Mutanen kwas ba sa rabuwa da amma.

Ya ce shi ba ya raina al'adar kowa, su ma a garinsu akwai wanda ba ya iya haɗa ido da shi har gobe. Ya ce a gida ba ruwansa. Amma a aji, rabin ɗalibai sun biya kuɗin mota daga Dambam da Hardawa da ko'ina sun zo, kuma bayan malaminsu kawai suke gani. Ya ce waɗannan su ne gobe za su tsaya a gaban yaran firamare, abin da suka ga ana yi shi za su yi.

Na ce to a mayar da ita wani aji. Ya ce wane? Ni kaɗai ne malamin darasin, ya fi ni sani. Na ce a sa ta zauna a can ƙarshen baya, ita kaɗai, sauran su huta. Ya dube ni. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina sai na kama gyara takardun kan tebur.

Da zai fita ya ce duk wanda aka ɗauka sau ɗaya za a sake ɗaukarsa, a ga ko an samu canji. Nawa ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Ya ce idan ba na so zai cire sunana, ba wanda zai ga laifina. Na ce ya yi abin da ya ga dama da kyamararsa.

Ina ƙin mutumin da zai ba ka haƙuri ya bar ka da abin da ya fi zagin ciwo.

Laraba, bayan azahar

Bencin gefen taga ya yi fili yau. Malalatan sun watse, kowa ya koma inda zai koma. Ban tambayi kowa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Madam Roda ta tare ni a gindin darbejiyar ofis. Ita ce mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata, tana kuma koyar da Turanci. Mace ce da ba ta iya zagaye-zagaye ba.

Ta ce yarinyar ta tafi Katagum tun jiya da sassafe. Ta faɗi sunan sau biyu a gabana, ko a jikinta. Ta ce labarin ɗakin malamai ya gama kwaleji, yara sun samu abin tsokana, duk inda ta wuce sai wani ya ce, "Yaya sunanta?" a bushe da dariya. Ta ce ta same ta tana kuka a bayan famfo, ta ce mata ba za ta dawo ba sai dai ɗaukar akwatinta.

Na ce yara ne, zai wuce.

Madam Roda ta ce, "Ba tsokanar ce ta kore ta ba, Malam. Ka san abin da ta ce mini? Ta ce, Madam, kowa a ajin nan yana da malami, ban da ni."

Na ce na gode, ina da aji. Ba ni da aji. Na je na zauna a ofis na kulle ƙofa.

Wa ya koya mata irin wannan magana? A gidanmu ba a haka. Ni na taɓa cewa ba ni da uba don bai kira ni ba? Duk wannan daga kyamarar nan ne. Kafin a kawo ta kowa yana zaune lafiya.

Juma'a, da safe

Kowa yana zaune lafiya. Na sake karanta abin da na rubuta jiya. Hannun nan da ke tashi yana sauka, tun kafin a kawo kyamara yake yi.

Duk da haka Cornelius bai kyauta ba.

Juma'a, bayan magariba

Na gaya wa Jumai. Ita ma 'yar fari ce a wajenta, ita ma ba ta kiran sunan. Muka zauna mu biyu muna maganar mutum ɗaya, "ita", "waccan", "ta wajen Inna", kamar masu gulmar maƙwabciya. Jumai ta share ido da bakin zane ta ce duk hutun da yarinyar ta zo gidan nan, takan ɗauki tsofaffin taswirorina da ke kan kabad ta shiga ɗaki da su, ta mayar kafin in dawo. Na ce me ya hana a gaya mini? Ta ce, "Ta yaya, Malam? In ce wa?"

Gobe zan je Katagum.

Lahadi, da la'asar

Na dawo ni kaɗai.

Kogi ya cika ya haura, ya cinye hanya kafin gari, sai da muka bar mota muka shiga kwalekwale. Rabon da a yi ruwan kirki a nan an kwana biyu, amma ga fadama ta zama teku, dawa tsaye a cikin ruwa har wuya. Kowace shekara haka, kuma kowace shekara ina koyar da dalilinsa a allo.

Na kai wa Inna atamfa da sabulu da sukari. Na same ta cikin farin ciki, wai 'yarta ta dawo, dama ita ba ta ga amfanin zaman Azare ba. Tun ina gaishe ta na ji motsin mutum a cikin ɗaki, aka saki labule.

Na yi wa Inna bayani a hankali. Na ce aikin koyarwa yanzu ya canza, ana so malami ya kira kowane ɗalibi, ya tambaye shi, ya dube shi. Ta ajiye carbinta.

"Ka kira wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai, bokon naka ya kai nan? A gaban mutane? Ubanka ya rasu bai taɓa buɗe baki ya ambace ka ba, shi ne bai san daidai ba? In ka yi wannan ka tsinka ni a garin nan. A ce ɗan da na haifa ba shi da kunya."

Na ce to karatun nata fa? Ta ce wanda ta yi ya isa.

Ban iya yi wa Inna musu ba, ban taɓa ba. Raina yana tafasa na zauna ina cewa to, to. Da zan tafi na tsaya a tsakar gida, na fuskanci bangon ɗakin, na ɗaga murya na ce, "A gaya wa mutanen ɗakin nan ba a gama zango ba. Kwalekwale yana tashi da hantsi." Labulen bai motsa ba. Da safe na tsaya a bakin ruwa har mai kwalekwale ya gaji da jirana.

Ina fushi da Inna, Allah ya yafe mini. Ina fushi da Cornelius. Ina fushi da mai labule. Saura mutum ɗaya, mai rubutun nan, shi ma na san inda yake.

Litinin, da hantsi

Aji ya tafi sumul, na duba dama na duba hagu, wuyana lafiya lau. Da Cornelius ya ɗauka yau da ya ba ni lambar yabo. Tir.

Talata, bayan azahar

Yarinyar ta zo ɗaukar akwatin. Madam Roda ce ta leƙo ofis ta gaya mini. Ta ce akwatin yana ɗakin ajiya, makullin kuma yana jakarta, kuma ta gaya wa yarinyar ba za ta samu sukunin buɗewa ba sai ranar Alhamis da rana. Ta ce mata tunda tana nan, zaman ɗaki haramun ne a lokacin darasi, dole ta shiga aji kamar kowa.

"Na yi nawa, Malam. Ranar Alhamis da azahar zan ba ta kayanta, ba zan riƙe 'yar mutane da ƙarya ba."

Na aika wa Cornelius cewa kada ya cire sunana.

Laraba, da yamma

Abin kunya, amma littafina ne. Na hau babur na kama hanyar Dambam, na yi nisa da gari har gonaki suka ƙare. Na ce bari in gwada faɗa a inda ba kowa, ƙarar inji ta rufe. Na buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran ya ƙi fita. Na sake. Na tsaya a gindin wata tsamiya na kashe babur na sake gwadawa, sai ga wani makiyayi ya ɓullo da shanunsa yana kallona, babban mutum da hula yana magana da itace. Na gaishe shi da Fulatanci na ce babur ne ya yi zafi.

Mutum ya iya faɗin sunan kowane kogi daga nan har Masar.

Alhamis, bayan la'asar

Na shiga na tarar Cornelius ya kafa kyamararsa a baya. Tana nan a gefen taga. Malalatan sun ji labari sun dawo sun kewaye ta, Ɗanboyi har da miƙe ƙafa.

Na ajiye abin da na shirya. Na ce musu na je Katagum ranar Asabar na shiga gari a kwalekwale, alhali ruwan sama ya ja baya. Na ce wa zai gaya mini daga ina ruwan ya fito? Hannuwa suka tashi a dama. Na bar su a sama. Cornelius ya ce a riƙa jira bayan tambaya, to na jira. Na juya gaba ɗaya, ba wuya kaɗai ba, har ƙafafuna, na fuskanci taga. Ɗanboyi ya janye ƙafarsa.

Ba ta ɗaga hannu ba. Kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi.

Na kira ta.

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wani tsoho ce mai mura. Ita kuwa sai ta waiwaya baya, tana neman wadda ake kira. Wannan waiwayen ba zan manta da shi ba har in mutu. Na sake kira, wannan karon da ƙarfi. Ta miƙe tana dafa benci.

Ta fara magana ƙasa-ƙasa. Na ce, "Ɗaga murya, ba ma ji." Ta ɗaga. Ta ce ruwan ba namu ba ne, na duwatsun wajen Jos ne, can ake yin sa da yawa, yana ɗaukar makonni yana gangarowa, in ya iso ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce sai ya baje a fadama. Ta ce a Katagum tsofaffi suna gane zuwansa da launin ruwan, yakan yi ja kafin ya hau. Wannan ko ni ban taɓa faɗa a aji ba.

Na ce daga nan ina yake zuwa? Ta ce yana faɗawa Binuwai.

Raina ya ɓaci irin yadda yake ɓaci da kowane ɗalibi. Na manta da kyamara, na manta da ko wace ce. Na ce, "Binuwai? Ruwan da ya nufi arewa maso gabas zai juyo ya hau tudu don ya faranta miki? A ajin wa kika koyi wannan?"

Ta ɗago ta dube ni. Idon Jumai ne sak, ban sani ba sai yau.

"Ban koya a ajin kowa ba, Malam."

Ba wanda ya yi dariya. Na ɗauki alli na tafi ƙarshen allo na hagu, inda ban taɓa rubutu ba, har fentinsa ya fi na sauran baƙi. Na zana kogin tun daga duwatsu, na bi da shi ta Jama'are, ta Katagum, na haɗa shi da na Haɗeja, na kai shi Tafkin Chadi. Na ce ta zo ta nuna mini garinsu. Ta zo ta karɓi allin daga hannuna ta ɗiga. Na ce koma ki zauna, gobe ki kawo mini wannan a zane, da kyau. Sannan na ce Ɗanboyi ya tashi ya maimaita abin da ta faɗa. Bai iya ba. Na wanke shi tas, na huce a kansa.

Da aka tashi Cornelius ya nufo ni da hannu a miƙe, idonsa ya yi ja. Na ce ya kwashe wayoyinsa kada wani ya faɗi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Madam Roda ta ce jiya da azahar ta zauna da makulli a hannu, ba wanda ya zo karɓa.

A masallaci wani dattijo ɗan garinmu ya amsa gaisuwata da baki ɗaya ya kau da kai. Labari ya riga ni fita.

Lahadi, da hantsi

Bappayo direban motar Katagum ya yi sallama ya miƙo ƙunshi. Atamfar ce da sabulun da sukarin, ko buɗewa ba a yi ba. Na ce Inna ta ce wani abu? Ya sosa ƙeya ya ce ta ce a kawo wa malamin makaranta.

Na shiga ɗaki na daɗe. Zan je, zan durƙusa, zan yi ta zuwa har ta karɓa. Ban san ko za ta karɓa ba. Ba wanda zai ɗauki wannan a bidiyo ya nuna a ɗakin malamai, a ce ga abin da gyaran koyarwa ya ci wa Malam Hammadu. Cornelius zai rubuta cewa shirinsa ya yi nasara, Shugaba zai yi jawabi. Babayo ma na ji ya sayi sabuwar takarda.

Har yanzu ina cewa bai kamata a yi mini tambayar nan a gaban mutane ba.

Litinin, bayan azahar

Jamila ta makara yau. Na tsayar da ita a bakin ƙofa kamar kowa.